Barkar da Na Yi wa Gobarar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Juma'ar nan ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Yau da dariya nake ba da labarin, amma a ranar, da ƙasa ta tsage da na shige ba tare da na yi wa kowa sallama ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne. Ina saurayi, ina aikin sakatare a biro, wato ofis, na wani asibitin mishan a ƙasar Madawa, ina kuma ji da kaina kamar ni na ƙera injin buga takardar da ke gabana. Sai aka aiko mana wani Bature ɗan sa-kai da muke kira Dogo (sunansa na yanka ya fi ƙarfin harshenmu). Shi ya ja waya ya haɗa 'yan kwamfutocin da muke da su, na biro da na ɗakin magani da na ɗakin hutun ma'aikata. Ya kuma zo da wata manhaja a cikin disket, wadda ake kafa zauren labarai da ita: kowa ya shiga ya rubuta labarinsa, saura su karanta, su tofa albarkacin bakinsu a ƙarƙashi. Muka raɗa wa abin suna Dandali.

Na tambayi Dogo wane kamfani ne ya yi ta. Ya ce ba kamfani ba ne, mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, kamar yadda muke gayya a gona. Cikinta a buɗe yake, kowa na iya leƙawa, ya gyara, ya ƙara. Sharaɗi ɗaya ne, abin da ka ƙara kada ka ɓoye wa sauran. Na gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Kafin ka ce kwabo Dandali ya karɓu. Wance ta haihu, wane zai ɗaura aure, ɗan wane ya ci jarrabawar sartifika, mota za ta Tawa ga mai saƙo. Tunda ba kowa ke taɓa kwamfuta ba, duk Juma'a bayan addu'ar safe sai a buga labaran mako a takarda, Malam Ayuba mai ɗakin magani ya karanta su a ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, har da abin da mutane suka rubuta a ƙasan kowane labari. Kirista da Musulmi, daga likitoci har masu shara, ba mai yarda wannan karatu ya wuce shi.

Ni kuwa na liƙe wa Dogo har na koyi shiga cikin manhajar. Na mayar da kalmominta Hausa, aka yaba mini, kai ya ƙara kumbura. A nan ne na lura da abu biyu. Kusan duk labarin da ake sawa na farin ciki ne, domin rasuwa ba a rubuta ta a Dandali, da baki ake kai ta. Sannan mutanenmu suna lura ƙwarai da wanda ya fara yi musu barka. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar malalaci. Na ƙara 'yan layuka a cikin manhajar, yadda da zarar an sa sabon labari, nan take gaisuwa za ta fito a ƙarƙashinsa da sunana. Na shirya kala-kala don kada a gane, wata ta ce madalla, wata ta ce barka da arziki. Dogo ban gaya masa ba (sharaɗin nan na gayya na ninke shi na sa a aljihu).

Wallahi abin ya yi mini rana. Na zama ɗan albarka a asibiti ba tare da na motsa daga kujera ba. Wanda ya fi kowa yabona shi ne Baba Iliya, majon asibitin, wato babban ma'aikatan jinya, dattijon da ko likitoci ke shakkar idonsa. Na taɓa ji da kunnena yana cewa, "Yaron ga akwai zumunci. Ko yaushe kas sa labari, shi ka hwara gaisuwa." Ba sai na faɗa muku daɗin da na ji ba, domin 'yarsa Rahila nake nema, kuma an riga an tsayar da cewa iyayena za su je gaisuwa a ƙarshen makon da abin ya faru.

Ranar Alhamis na ɗauki izini na tafi Madawa da kawuna sayen goro da sauran kayan gaisuwa. Ban san cewa a ranar wuta ta tashi a garkar noman ranin Baba Iliya da ke ƙauyen Tama ba, ta cinye rumbun albasarsa ƙurmus. Albasar nan kuwa ita ya ajiye sai ta yi tsada ya sayar, ya yi wa Rahila kayan ɗaki. Dattijo ya zauna ya sa labarin a Dandali da hannunsa, yana roƙon a taya shi da addu'a.

Juma'a da safe na iso a makare, cikin sabuwar riga, ina ƙamshin turare. Na kutsa na tsaya daf da Baba Iliya don ya ga surukinsa. Na ga fuskarsa ba walwala, na ce a raina halin manya ne. Malam Ayuba ya gyara tabarau. Shi mutum ne mai murya kamar ganga, kuma ba ya duba layi na gaba kafin ya karanta na yanzu. Ya karanta labarin gobarar, mata na ta "wayyo, Allah shi mayar da alheri." Ni ma na dafe ƙirji, tsakani da Allah na ji zafin abin. Sai Malam Ayuba ya ce ga wanda ya fara amsawa, ya ambaci sunana, ya ɗaga murya:

"Barka da arziki! Allah ya ƙara, Allah ya maimaita mana!"

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Duk idanu suka juyo kaina, ni da sabuwar rigata.

Baba Iliya bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ayuba, koma wurin ga in ji da kyau." Bawan Allah ya koma, har da gyaran murya.

"Ɗana," in ji Baba Iliya, "mi ni yi maka? Albasad da munka sha rana muna ban ruwa, ita kaka roƙon Allah shi maimaita ma wuta?"

A tsayen nan na ga hanya biyu gabana, kowace da ƙaya. In na yi shiru, na zama mugun da ke murna da gobarar surukinsa, Rahila ta tafi ke nan. In na faɗi gaskiya, duk zumuncin da ake yabona da shi ya tashi a banza. Na durƙusa na ce, "Baba, ba ni na ba. Inji na."

"Inji ya san sunanka?"

Haka na kwance musu komai, layi bayan layi, Dogo na gefe ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Baba Iliya ya ce, "To barkad da kay yi mini ranad da anka haihi jikana hwa?"

"Inji na, Baba."

Wata ungozoma ta leƙo daga baya. "Auren ɗiyata hwa?"

"Inji na, Inna."

Mai gadi ya ce shi kuma sabon kekensa? Kafin in buɗe baki taron gaba ɗaya ya amsa mini, "Inji na!" Dariya ta ɓarke har marasa lafiya na leƙowa ta taga. Rahila, da ta kawo wa babanta kunu, ta ja mayafi ta rufe fuska. Har yau ta ƙi gaya mini ko kuka take ko dariya.

Baba Iliya kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka gaya ma iyayenka su dakata. Ni ba inji za ni ba ɗiyata ba. Duk gidan da inji yag gaishe, ka tahi da ƙahwakka ka gaishe su. In ka ƙare, ka iske ni Tama."

Haka kuwa aka yi. Na bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, ina yi wa jariran da suka fara rarrafe barkar haihuwa, ina yi wa amaren da suka riga suka yi ciki Allah ya sa alheri. Ko'ina sai an tsokane ni kafin a ba ni tabarma. Amma na sha fura, na ji labaran da ba a taɓa rubutawa a Dandali ba, na kuma gane ashe rabin mutanen nan ban san ƙofar gidansu ba. Ranar gayyar sabon rumbu a Tama, ni na fi kowa ɗaukar kara, hannun biro ya yi kanta. Da yamma Baba Iliya ya dubi tafin hannuna ya ce, "To, wanga dai ba inji na ba. Iyayenka su taho."

Layukan nan na goge su da hannuna a gaban Dogo. Rahila kuwa ga ta nan, mun tsufa tare, muna da jikoki. Abin da na koya shi ne, inji na iya kai labari, amma gaisuwa ƙafa take so. Sai dai horon bai ƙare ba. Ko jiya da na dawo na ce mata sannu da aiki, sai da ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai na, ko inji na?"