Geron da Na Daka a Bangon Kaset

Ku matso kusa, jikoki, ku ba ni kunnuwanku aro.

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Rumbunmu babu komai sai ɓeraye, su ma suna shirin ƙaura. Amma duk ƙauyen nan babu wanda ya sani, don kullum ina hura wuta, ko da ruwa ne zalla a tukunya.

A shekarar ce ƙanin mijina, Ɗan'azumi mai gangar noma, ya yi kaset ɗinsa na farko. Ya zo da wani Malam Sabo daga Kano, mai tsara bangon kaset. Ya ce sunan mawaƙi zai hau sama da jan rubutu, ƙasa kuma hoton mace tana daka, turmi cike.

"Yaya, ke za ki tsaya," in ji Ɗan'azumi. "Gidanki ne ba a rasa hatsi."

Na ce to. (Bakina ne ya amsa, ban aike shi ba.)

Na shiga bayan ɗaki na cika turmi da yashi, na barbaɗa tafin gero biyu a kai, wanda na ɓoye don iri. Na ɗaura zanen sallah. Matan unguwa suka cika tsakar gida, maƙwabciyata Tabawa a gaba.

Na ɗora taɓarya a hankali, na ƙame.

"A'a, Inna," in ji Malam Sabo, ido a jikin na'urarsa ta ɗaukar hoto. "Ba hoton fasfo ba ne. Ki daka da ƙarfi, ina son hatsi ya tashi sama."

Na yi bisimilla, na daka.

Ya tashi kuwa. Ya shiga idon Malam Sabo, ya cika bakin Ɗan'azumi. Tabawa ta duƙa ta murza shi a yatsa.

"Wannan irin, a wane rafi kuka shuka shi?"

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Da yamma dai sai ga ƙanwar Tabawa da ƙwaryar dawa, an rufe da faifai, ba saƙo.

Kaset ya fito. A hoton, yashi ya zama gero tsaba, yana walƙiya. Aka baza kaset ɗin a kasuwar Tsanyawa har cikin birni. Ba a yi nisa ba dangi suka fara sauka daga mota da buhuna a naɗe, wai sun ga Allah ya yi mana buɗi.

Ɗan'azumi ya yi suna, ya sayi babur. Malam Sabo, an ce, bai ƙara ɗaukar hoto ba sai da tabarau. Tabawa ta rasu tana kirana Mai Geron Rafi. Ni kuwa tun daga ranar ba na zuba wa turmi abin da ba zan iya tuƙawa ba.