Rasuwar Baƙa, Babbar Randar Gidan Malam Muhammadu Lawal

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama tafasa ba, Hajiya Batulu, matar marigayi Malam Muhammadu Lawal, tsohuwar shugabar makarantar firamare a nan Kazaure, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Roni da Babura da Gwiwa rasuwar babbar randar gidanta, wadda kowa ya sani da Baƙa. Ta rasu ranar Talata da azahar a tsakar gida, tana da shekara arba'in da ɗoriya, bayan jinyar da ba ita ta jawo wa kanta ba.

Tun ruwan da ya malale bai bushe ba magana ta zaga unguwa wai tsufa ne. Ma'u maƙwabciya ce ta fara shigowa jaje da ita, ta ce ai sananne ne tun kaka da kakanni, randa in ta kwana biyu a duniya ƙasarta mutuwa take yi, ta daina sanyi, daga nan sai fashewa. Ɗan farin Hajiya, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya karɓe zancen hannu bibbiyu, yana ta nanata cewa komai da wa'adinsa. Hajiya ta lura duk mai faɗin haka sai ya ɗan saci kallonta. Ita kuwa ta ƙare ƙuruciyarta tana hana yara rubuta amsar da ba za su iya nuna hanyarta ba. Shi ya sa aka jinkirta wannan sanarwa sai da ta bincika.

Adda ce, Allah ya jiƙanta, maginiyar tukwane a wani ƙauye ta wajen Gwiwa, ta gina Baƙa tare da ƙanwarta Ƙarama, ƙasa ɗaya, wuta ɗaya. An kawo su a amalanke, an tattare su da karmami, a shekarar da Hajiya ta tare. Aka haƙa musu gurbi a gindin darbejiya, aka cika shi da rairayi, kullum da safe a yayyafa masa ruwa. A nan Baƙa ta yi zamanta duka.

Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ba ta taɓa tambayar ko an kawo wuta ba, ba ta san ɗanɗanon fetur ba, bakanike bai taɓa ganin cikinta ba. A azumin bazara, lokacin da masu firji ke zaune suna kallon kwan lantarki kamar masu jiran ganin wata, gidan nan ake aikowa da kwano. Ta shayar da masu jego da masu zaman makoki, ta shayar da baƙon da ko sunansa ba a tambaya ba. Ba ta da yawan magana. In an tsoma moɗa ta ce ƙundum. In gida ya yi tsit a ji gindinta yana ɗis, ɗis, cikin rairayi. In an ƙwanƙwasa mata kafaɗa ta amsa tangaran, alamar lafiya lau. Jikinta kullum a jiƙe da gumi, wanda duk ɗalibin aji huɗu da ya bi ta hannun Hajiya ya san shi ne asirin: ruwa ya tsattsafo ta ƙananan ƙofofin ƙasa, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin.

Ciwon ajali ya faro ne daga gyaran gida. Ɗan farin ya ɗauki hutu, ya ce masu aiki sun yi tsada, da hannunsa zai yi komai. Hajiya ta sa masa albarka, don ita ma da hannunta ta daɓe ɗakinta na fari, kuma ba ta taɓa ganin tattali abin kunya ba ne. Gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya liƙe kwanon rufi inda yake yoyo, ya gyara makwarara, ya shafe bangon zaure. Matarsa Shahida ta ɗinka labule da tsofaffin zannuwa, suka fito kamar na kanti. Da an tsaya a nan da ba a rubuta wannan takarda ba.

To amma fenti ya ragu, fentin mai, shuɗi mai ƙyalli. Akwai kuma gutsattsarin tayil da ya samo da araha. Hajiya na Roni wurin suna ya dubi randuna ya ga wai baƙinsu yana ɓata masa tsakar gida. Ya tono Baƙa daga rairayinta, ya gina mata dandamalin siminti, ya manna tayil, ya ɗora ta a kai, ya bi ta da buroshi tun daga wuya har gindi, shafi biyu. Hajiya ta dawo ta tarar da ita tana sheƙi kamar motar haya. Da ta yi magana ya ce ai ita ta koya masa ba a zubar da abu mai amfani. Ta koya masa, ba ta musa ba. Abin da ba ta koya masa ba shi ne toshe wa mai numfashi hanci don kada fenti ya yi kwantai.

Daga ranar gumi ya ɗauke. Ruwa ya koma ɗumi-ɗumi kamar na wankan jariri. A ƙwanƙwasa ta, sai dai ta ce ɗif. Maimakon a tambayi abin da ya canja, sai aka shiga sayen ƙanƙara kullum ana zuba mata, a gidan da aka ƙi kiran mai fenti don tattali. Garin neman gira aka rasa ido. Ran Talata ɗan farin ya dawo da dunƙulen ƙanƙara kamar tubali a bayan babur, ruwa ya yi ƙasa a cikinta, ya sake shi daga baki. Da rairayi ne a ƙarƙashinta da ya karɓe mata nauyin. Tayil ba ya karɓar wa kowa komai. Hajiya na kishingiɗe a ɗaki ta ji kalmarta ta ƙarshe, ɓas, sai sautin ruwa yana bin makwararar da aka gyara.

Ga yadda binciken ya kasance. Hajiya ta hau motar Babura ta je gidan yayarta, ta sha daga randar da ta girmi Baƙa, har haƙorinta ya amsa. Ta dawo ta sayi sababbin tuluna biyu a kasuwa, ta shafe ɗaya da wannan shuɗin, ta bar ɗaya yadda Allah ya yi shi, ta cika su ta ajiye a inuwa ɗaya. Da rana ta take ta zuba a kofi uku, na ukun daga Ƙarama, ta kira Ma'u da ɗan farin, ba ta faɗa musu wanne ne wanne ba. Na tulu mai fenti Ma'u ta kurɓa ta furzar. Na tulun da ba fenti suka ce ba laifi. Da ɗan farin ya kai na ukun baki sai ya lumshe ido ya ce, “Hajiya, wannan ai na firji ne.” Aka nuna masa Ƙarama, sa'ar marigayiya, tana zaune cikin rairayinta tana gumi. Ya sosa ƙeya ya ce duk da haka dai a cikin shuɗin gidan ta yi bare, kuma ragowar fenti zai bushe a gwangwani in ba a yi amfani da shi ran Asabar ba.

Saboda wannan Asabar ɗin ne aka fitar da sanarwa a bainar jama'a, tunda magana a ɗaki ba ta shiga ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙanwa ɗaya, Ƙarama, wadda ranta ke hannun Allah da hannun mai buroshi. Ta bar moɗa da faifan rufi, sun zama marayu. Ta bar dandamalin tayil da ba wanda ya san abin da za a yi da shi. Ta bar jikoki masu yawa da suka tashi ba su san ana sayen ruwan sanyi ba.

Ba za a yi mata salla ba, ƙasa ce, ta koma inda ta fito. Za a karɓi gaisuwa ran Juma'a bayan la'asar a gindin darbejiya, za a shayar da kowa daga Ƙarama, kowa ya yi wa kansa alƙalanci. Ba a buƙatar gudummawar firji. Ƙananan tsingaro za a zuba su a ramin ƙofar gida inda ruwa ke kwanciya da damina. Manyan ɓangarorin randar biyu Shahida ta taya Hajiya kankare su tas, an jingine su a bayan gadonta, Hajiya ta kuma bar wasiyya da su za a rufe kabarinta in nata ya zo. Gwangwanin fenti yana ɗakinta a kulle, ran Asabar da safe ita da kanta za ta ƙarar da shi a ƙyauren bayan gida. Ana roƙon duk wanda ya taɓa shan ruwan gidan nan, in ya ga mutum ya nufi Ƙarama da buroshi, ya riƙe masa hannu.

Hajiya ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba tun ran da aka raɗa masa shi. Amma sanarwar rasuwa ba ta cika sai da dalili.

Baƙa ba ta mutu da tsufa ba. Nafi'u ne ya shafe ta da fentin mai, ya raba ta da rairayinta, ya jefa mata ƙanƙara.