Na Shafe Ramin Makullin But

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na sayi mota ba, ko da yake na so in manta. 'Yar wagon ce tsohuwa, amma a idona babu kamarta daga Kusugu har Kongolam. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: ramin makullin but, wato ƙofar baya. Ya yi tsatsa, yana ɓata mini kwalliya. Na ga samari suna shafe nasu, ni ma da furfurata na ce ba za a bar ni a baya ba.

Na kai ta wajen mai gyaran bodi. Ya cire makullin, ya toshe ramin da walda, ya shafa fila, ya goge, ya fesa fenti. Wajen ya yi sumul kamar goshin jariri. Daga ranar sai da rimot but ke buɗuwa. (Nakan danna shi a bakin masallaci ba gaira ba dalili, don dai a gani. Allah Ya yafe mini.)

Ana nan sai maƙwabcina Baba Sale ya rasu a asibiti. Ɗansa Lawal ya same ni, ido jajur.

"Kawu, motarka ce mai tsawo. Ka taimaka mu kai Baba ƙauye, can ya ce a binne shi."

Muka kwantar da kujerun baya, muka shigar da shi ta but, lulluɓe da bargo. Bayan mun wuce Zango muka bar kwalta, muka ratsa wani kwari da ruwa ya cika har ƙofar mota. Motar ta fita, na ma yaba mata.

Mun isa bayan la'asar. An haƙa kabari, masu wanka na jira, ga hadari ya haɗo daga gabas. In ruwa ya sauko, kabarin zai cika.

Na danna rimot. Shiru. Na sake dannawa har yatsana ya yi ciwo. Ashe ruwan kwarin ya kashe wayar but ɗin. Aka gwada ta ƙofar gefe, amma Baba Sale dogo ne, jikinsa kuma ya sandare, ba zai fito ba sai an lanƙwasa shi. Babu wanda ya yarda.

Ƙanin mamacin, wani dattijo, ya karɓi makullin daga hannuna, ya yi ta shafa bayan motar yana lalube.

"Ɗan nan, ina wajen zura makullin?"

"Na shafe shi, Baba."

"Ɓarayi suka dame ka?"

"A'a... kwalliya ce."

Ya miƙo mini makullin, ya juya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Wallahi na ji kamar in riga Baba Sale shiga ramin nan.

Da digar da aka haƙa kabarin aka fasa gilashin baya, aka zaro shi ta nan. Ina tsaye ina kallon Lawal durƙushe, yana tsince ɓaraguzan gilashi daga gemun mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya, yana hawaye. An samu an binne shi ana yayyafi.

Abin da na koya shi ne, in ka ga an bar rami a jikin abu, ka ƙyale shi, akwai ranarsa. Lawal har yau yana gaishe ni da ladabi. Amma da mahaifiyarsa ta rasu bara, motata na fake a ƙofar gida, ya wuce ta ya je tasha ya ɗauko haya.