Ranar da na malalar da giyar Baba Harold

Ko da zan manta da sunana, ba zan manta da wata Lahadi a shekarata ta farko a New York ba. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Kumasi ba, ina zaune a University Heights a falon yayar mahaifiyata, Hajiya Ladi, kuma na samu aikin kula da wani tsohon Bature mai suna Harold, wanda nake kira Baba. Da wannan aikin nake sa ran kama ɗakina, don haka na riƙe shi hannu bibbiyu.

A wurin horo an nanata mana doka ɗaya har ta zauna mini a kai: duk abin ci ko sha da kwanan watansa ya wuce, a zubar. Ni kuwa dama gwanar tsabta ce (ko in ce mai shisshigi, kamar yadda Hajiya take faɗa). Ranar Juma'a 'yar Baba, Susan, ta ce in na samu sarari in ɗan share ɗakin ƙasa. Ɗan sharewa fa ta ce.

Da na sauka sai na tarar da wani ƙaramin ɗaki, duhu da sanyi kamar firji, cike da kwalaben jar giya a kwance, ƙura ta rufe su. Raina ya ɓaci. Mutane da kuɗinsu, amma ƙazanta haka? Ni ko kusa da giya ba na zuwa, sai dai ƙura ta fi ƙarfin haƙurina. Na sa safar hannu biyu, na kashe na'urar sanyin da ke cin wuta a banza, na jiƙa kwalaben a ruwan zafi da sabulu, na goge su tas. Takardun jikinsu duk suka saɓule, na tsayar da su a jere suna walƙiya.

Akwai uku da aka ware a akwatin katako. Shekarar da ke jikinsu ta girme ni! Na ɗaga ɗaya a haske, ga wani baƙin abu kamar laka a gindinta. Na ce, Innalillahi, wannan ai sai ta kashe tsoho. Na yi kusan awa ɗaya ina danna toshiyar da mariƙin cokali, gumi na zuba, har na buɗe su duka na tuttule a sinki. Wallahi har lada nake ganin na samu.

Ranar Lahadi iyali suka taru, jikar Baba ta kawo wanda za ta aura. An gasa cinyar rago, ƙamshi ya cika gida. Baba ya sa kwat, yana ta yi wa saurayin bayani: irin wannan giyar sai da naman rago marar yaji, a buɗe ta ta sha iska awa ɗaya, a tsiyaye a hankali kada abin da ya kwanta ya biyo. Shi da marigayiya matarsa suka sayo ta a Faransa shekarar da aka haifi jikar, suka yi alkawarin ba za a buɗe ba sai ranar da ta kawo mijin aure. Ina tsaye da faranti ina murmushi, ko a jikina. Sai ya ce wa Susan ta ɗauko akwatin katako.

Nan na gane abin da na aikata. Amma maimakon in yi shiru, sai na buɗe baki (har yau ina mamakin bakin nan) na ce, "Baba, ai waɗannan sun lalace, shekara talatin fa. Na zubar. Sauran kuma na wanke muku."

Susan ta ruga ƙasa, muka ji ihunta daga can. Ta dawo ta ce ɗakin ya ɗumame, kuma babu mai iya gane wace kwalba ce wace. Ta dube ni ta ce gobe za ta kira kamfanin da ya turo ni.

Na shige kicin na kira Hajiya ina kuka. Ta ce, "Ei! Ke yarinyan ga! An ce ki yi cleaning, wa ya aike ki inspection? Giyan masu kuɗi in ya tsufa ne yake tsada! Je ki durƙusa, kar ki ce komai sai sorry."

Na je na durƙusa gaban kujerarsa, kowa na kallona. Baba ya daɗe yana duban kofinsa da babu komai a ciki. Can ya ce, "Kin ɗanɗana kuwa?"

Na ce, "Baba, ba na sha."

Ya ce, "To, hancinki fa? Me kika ji?"

Sai na faɗi gaskiya. Na ce kamar ƙasa in ruwan farko ya sauka, da tsohuwar jakar fata, da ɗan ƙamshin busasshen dabino. Ya lumshe ido, hawaye ya gangaro masa, ya ce, "Ashe ta nuna. Matata ta ce za ta kai." Sannan ya juya ga Susan ya ce kada ta kira kowa, ba zai kori mutum ɗaya tak da ta san yadda giyarsa ta kasance ba.

Da ruwan lemo aka ci ragon. Na yi shekara huɗu a gidan ban sake taka matakalar ɗakin ƙasan nan ba. Tun daga ranar, in na ga ƙura a gidan mutane, sai na tambaya ko ajiye ta aka yi kafin in ɗauko tsumma.