Ɓeran da Ya Kusa Hana Jana'iza

"Sannu da rashi, baiwata. Na ji tsohon ya gaji da ganin fuskokinku ya gudu."

Misozi ba ta ko ɗago kai ba. Tun da hantsi take zaune a shagonta na buga takardu a bakin kasuwar Kitwe, tana fama da takardar jana'izar kawunta, wadda za a raba wa mutane a coci ƙarfe biyu. Sau huɗu tana rubuta tarihin marigayin, sau huɗu kwamfutar tana ɗif, ta sake tashi, rubutu ya bi iska. Dole ta sa ta aika wa Kangwa mai gyara na layin baya, ga shi nan tsaye a bakin ƙofa. Shi ɗan Bemba ne, ita 'yar Ngoni, ƙabilun biyu kuwa abokan wasa ne, ko a gaban gawa ba sa raga wa juna.

"Shigo, bawan gidanmu. Mai gyara na aika a kira, aka rasa, aka turo kai."

"Me ya sami akwalar?"

"Mutuwa take tana tashi."

"To ai ta fi kawunki zuciya. Shi tun Litinin da ya kwanta ko motsi."

"Allah ya isa. Ka duba ko ka fita."

Ya ajiye jakar kayan aikinsa a kan takardunta da gangan, ya ɗaga ɗan abin nan na hannu mai jela.

"Ikon Allah! Wannan fa ɓera ne sunansa. Yaya aka yi ya shekara a hannun 'yar Ngoni ba a gasa shi ba?"

"Yadda birai suka ƙare a dajinku. An ce yanzu in biri ya hango ɗan Bemba, wasiyya yake bari."

"Biri nama ne na sarauta. Yaushe take mutuwar? Tana zaune kawai, ko sai kin sa ta aiki?"

"Da na buɗe hoton Kawu, ko na tura wa firinta."

"Ta ga fuskarsa ta suma, wa zai ga laifinta?"

Bakinsa na zuba, hannunsa na aiki. Ya zare wayar daga bango, ya soka 'yar rediyonsa a soket ɗin, ta kama waƙa ba gargada.

"Wutar gari lafiya lau. Yau ɗaya ba za ki zagi masu wuta ba."

Ya kwance murfin gefe, ya mayar da wayar, ya kunna. Fankar tsakiya tana juyi. Ya kai tafin hannunsa bayan injin, wajen ɗan akwatin ƙarfen da wayar wuta ke shiga, bai ji iska ba, sannan ya sunkuya ya shinshina.

"Zo ki ji."

"Ni ba karya ba ce."

"Ƙauri ne. Wannan akwatin shi ke raba wa kowa wuta a ciki, kuma fankarsa ta tsaya cik. In aiki ya yi nauyi sai ya ɗau zafi ya saki, kamar mazanku a gona."

Ya kashe, ya zare waya, ya kwance sukurori huɗu ya fito da akwatin. Misozi ta miƙa hannu, ya doke shi.

"Kul! Ko an zare, da sauran wuta a cikinsa. Kabari ɗaya muka haƙa muku, ba za mu ƙara ba."

Ya juya shi ya girgiza. Ɓawon gyaɗa ya zubo, da yagaggun takardu, sai kuma wata busasshiyar jela ta leƙo ta tsakanin fukafukan fankar. Kangwa ya dafe bango, dariya har da tari.

"Jama'a ku zo ku gani! Rumbu ta yi a cikin kwamfuta! Gasasshe ma, saura gishiri!"

"Rufe mini baki! Ɓarawo ne ya shigo."

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke cin gyaɗa a kan inji?"

Wayarta ta yi ƙara. Gwaggonta ce, karo na uku: motar 'yan makoki ta iso, fasto yana tambayar takardu. Misozi ta ce saura kaɗan, ta ajiye, ta dubi agogo. Sha biyu da rabi.

"Shawara kyauta," in ji Kangwa. "Ki naɗe akwalar nan a zane a binne su tare."

"Shi ya saya mini ita." Muryarta ta sauka. "Da kuɗin sallamarsa na mahaƙar ma'adinai. A kansa ya ɗauko ta daga tasha har nan."

Kangwa ya dube ta, ya dubi injin, ya sosa ƙeya.

"Shi ya sa. Ɗan Ngoni ya shiga kasuwa ba ɗan rakiya, ai dole a sayar masa da gawa."

Ya fice. Kafin ta gama share ɓawon gyaɗar ya dawo da wani akwatin wuta a hammata, wayoyi na reto.

"Daga wace bola?"

"Daga cikin tawa kwamfutar na ciro. Yau ta kwana da yunwa saboda ku."

Ya ɗaura, ya jona wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kunna. Iska mai sanyi ta buso ta baya.

"Buɗe hoton, mu ga ko za ta jure munin."

Ta buɗe. Kawu ya fito da hularsa ta mahaƙa, yana murmushi da wushiryarsa. Allo bai ko ƙifta ba. Ta zauna ta zuba tarihin daga ka, yatsunta na gudu, Kangwa na tsaye a kanta yana yi mata tsawa ta riƙa adanawa bayan kowane layi. Ƙarfe ɗaya da kwata firinta ta fara aman takardu masu ɗumi.

"To, faɗi," in ji shi.

"In faɗi me?"

"Su waye iyayen gidanku?"

"Ko a mafarki."

Ya ɗora yatsa a kan makunnin. Firinta tana kan ta arba'in, saura sittin.

"Kangwa!"

"Kunnena ya yi nauyi."

Misozi ta cije leɓe, ta yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun Litinin, har ta share ido da gefen zanenta.

"Dole a ce da mijin iya baba. Ku ne, amma daga nan zuwa a rufe kabari kawai. In an dawo gida ƙundun kaza, rabon manya, naka ne, ni zan zuba maka da hannuna."

Ya jera takardun a kwali, ya ɗora a ka.

"Wuce gaba, marainiya. Kuma in mun isa ki buɗe murya ki yi kuka sosai. Irin kukan da kuka yi jiya, ko akuya aka rasa an fi haka."