Wayar Kawu Ila a Kasuwar Cadakori

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na kwashi mutanen ƙauyenmu na kai su kasuwar Cadakori neman Kawu Ila.

Kawu wan mahaifiyata ne, tsufa ya fara taɓa masa hankali, sai ya fita ya rasa hanyar gida. Ni kuwa lokacin ina sayar da layin salula a Gidan Rumji, ina jin kaina kamar ni na ƙera rezo, wato sabis ɗin waya. Na saya masa ƙaramar waya, na sa lambarsa cikin wani tsari na kamfani. Ko wayar ba ta da intanet, dogon ƙarfen rezon da take kamawa shi zai faɗa maka yankin da take. Na yi ta cika baki a kan wannan (har liman sai da na yi wa bayani, bai tambaye ni ba).

Ran nan da hantsi Inna Hajo, matarsa, ta kira ni tana kuka, Kawu ya fita tun da safe. Na hau moto, wato babur, na iso ƙauye, na tarar maza sun rarrabu za su bi gonaki. Na tsayar da su. Na latsa wayata, saƙo ya shigo: ƙarfen Cadakori.

"Ku bar wahal da kanku," na ce, "yana Cadakori."

Wani dattijo ya ce, "Anya ɗan nan? Tsohon ga da ƙyar shika kai masallaci."

"Baba, na'ura ba ta ƙarya."

Haka aka bi ni, masu moto da masu amalanke, ina gaba kamar sarkin yaƙi. Muka kutsa kasuwa ina kiran lambar, har muka ji wayar tana ƙara. Na bi ƙarar da sauri, zuciyata fari ƙal. Sai ga ni gaban teburin mai caji, wayoyi jere kamar tumatir, ta Kawu a tsakiya da jan zaren da Inna Hajo ta ɗaura mata.

Ashe na manta abin da kowa ya sani. Ƙauyenmu babu wuta, ranar kasuwa ake tara wayoyin gari cikin leda a ba mai tafiya ya kai caji. Jikar Kawu ce ta jefa wayarsa ciki, ba ta faɗa wa kowa ba. Babu wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan la'asar mata masu itace suka tsinci Kawu a kwance ƙarƙashin wani gawo, bayan gari kaɗan, wurin da maza suka yi niyyar fara dubawa. Rana ta gasa shi, ƙishirwa ta gama da shi. Bai ƙara tashi ba, mako bai zagayo ba ya rasu.

Wurin zaman makoki na durƙusa gaban Inna Hajo. Ta ce, "Tashi ɗana, kwana ne ya ƙare. Kai ma nemanshi ka yi." Nan na fashe da kuka gaban mata, ƙato da ni.

Har yau ina sayar da layi, kuma tsarin nan yana aiki, na'ura ba ta yi ƙarya ba. Amma duk wanda na sa wa, sai na ce masa: inda waya take zai nuna maka, mutum kuma sai ka fara duba bayan gari.