Ranar da Na Share Gonar Bincike

Ba na jin zan taɓa mantawa da damina ta farko da na yi a buron magajin gari, wato ofishinsa, can wajen Dogarawa. Gwamnati na da wata gonar gwaji a bayan gari, inda Madam Rabi, masaniyar aikin gona, ta shekara uku tana neman irin gero mai jure fari. Sai aka ce wani babba zai zo daga Yamai, babban birnin ƙasa, kuma abin da idonsa ya gani shi zai sa a ci gaba da ba da kuɗin binciken ko a tsayar.

Magajin gari ya kira ni ya ce, "Mutumen ga hoto yaka so. Kada in ga datti ko ɗaya."

Na isa gonar da sassafe, Madam ba ta iso ba. Me zan gani? Farar takarda a kan kowace zangarniya, har an ɗaure da zare! Na yi ta mamakin wane marar aikin yi ne ya zauna ya yi wannan ɓarna. (Ku lura, ban tambayi kowa ba. Ni ɗan birni ne mai digiri.) Na tuɓe riga, na bi kunya-kunya na cire su kaf, na cika buhu biyu.

Babban ya sauko daga mota ya dubi gonar. Ya yamutsa fuska. "Ina kimiyyar? Wanga ai gonar kawuna ce. Mi za ni gwada ma mutane a talabijin?"

Madam Rabi, da ta iso tare da shi, ta ƙura wa zangarniyoyin ido. Ni kuwa, a zatona yabo ne ke tafe, sai na jawo buhunan har gabansa na ce, "Ranka shi daɗe, ni na gyara ta."

Madam ta ce a hankali, "Ƙanena, takardun nan su ka hana ƙurar furen wani gero shiga. Yanzu duk irin ya gauraye."

Wallahi na so ƙasa ta buɗe. Abin da har yau ban gane ba, babban cewa ya yi a mayar da takardun. Muka mayar, aka ɗauki hoto yana murmushi, aka sa hannu kan ƙarin shekara. Madam ta samu kuɗi, ta rasa irin, ta koma farko.

Tun daga nan, ko leda na gani a gonar mutum, sai na yi sallama na tambayi aikinta.